Yadda Gyaran Magana Ya Zama Karatun Digiri na Biyu a Amurka

A Amurka ta yau, wanda yake son ya yi sana'ar gyaran magana, ya zauna da yaro mai in'ina ko da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki, sai ya mallaki digiri na biyu daga jami'ar da aka tantance, ya cika awa 400 na aiki da masu larura a gaban malami, ya ci jarrabawar ƙasa, sannan ya yi wata tara yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin wani gwani. Wannan doguwar hanya ba ta daɗe ba. Shekara ɗari da suka wuce babu takardar da ake tambayar kowa, kuma duk wanda ya iya kafa allo a ƙofar gidansa yana iya kiran kansa mai maganin in'ina. Abin da ya kai sana'ar ga digiri na biyu buri ne guda biyu da masu ita suka riƙe tun farko: su raba kansu da 'yan damfara, kuma kada su zama yaran likitoci.

Larurar magana dai tsohuwa ce, neman maganinta ma haka. Girkawa sun ba da labarin Demosthenes, mashahurin mai jawabi na birnin Atina, wanda aka ce yakan cika bakinsa da tsakuwa yana magana don ya horar da harshensa. Ƙarnoni da dama mutanen Turai sun ɗora laifin in'ina a kan tsokar harshe, don haka a can suka nemi gyara. An yi ta yanke tantanin da ke ƙarƙashin harshe, wanda wanzamai ke kira linzami, ko da kuwa lafiyarsa lau. Abin ya kai maƙura a 1841, lokacin da Johann Friedrich Dieffenbach, likitan fiɗa a Balin, ya fara yanke wani yanki daga gindin harshen masu in'ina, a zamanin da ba a soma amfani da maganin sa barci wajen fiɗa ba. Likitoci a Faransa da Ingila suka kwaikwaye shi. Wasu marasa lafiya suka mutu saboda zubar jini, waɗanda suka rayu kuma in'inarsu ta dawo da zarar raunin ya warke, sai aka watsar da aikin cikin ɗan lokaci kaɗan.

Hankali ya koma kan ƙwaƙwalwa a 1861, sa'ad da Paul Broca ya binciki gawar wani mutum a Faris mai suna Leborgne, wanda ya yi shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya. Broca ya sami rauni a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana wata larurar ta daban: mutum yana zuba magana ba tangarɗa amma babu ma'ana, kuma ba ya gane ta wasu. Daga nan likitocin Jamus da Ostiriya suka ɗauki magana da murya a matsayin fannin likitanci. Hermann Gutzmann ya shigar da shi jami'ar Balin a 1905, Emil Fröschels kuma ya kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki a birnin Biyana a 1924. Tsarin da ya kafu a can shi ne likita ya duba ya faɗi cuta, sannan ya miƙa mara lafiya ga wani mataimaki da zai riƙa yi masa atisaye. Wannan tsarin ne Amurkawa suka ƙi bi.

A Amurka sana'ar ta fito ne daga hannun malaman koyar da iya jawabi da malaman kurame. Alexander Graham Bell, kafin a san shi da wayar tarho, makarantar gyaran furuci ya buɗe a Boston a 1872, yana amfani da wani tsarin rubutu da mahaifinsa ya ƙirƙiro mai nuna inda harshe da leɓe suke zama wajen fitar da kowane sauti. A gefensu kuma akwai makarantun kuɗi na masu in'ina, irin ta Lewis a Detroit da ta Bogue a Indianapolis. Waɗannan sukan cika jaridu da talla, su yi alkawarin waraka, su karɓi kuɗi mai tsoka, su koya wa ɗalibi ya riƙa magana yana kaɗa hannu ko yana jan kalma kamar mai rera waƙa. Dabarar takan yi aiki na 'yan makonni a cikin makarantar, domin kusan duk mai in'ina bakinsa yakan saki idan yana bin kari. Da ya koma gida sai abin ya dawo, wani lokacin ma da ƙarin kaɗa hannun da ya zame masa jiki.

Makarantun gwamnati su ne suka fara samar da aikin albashi. A 1910 hukumar ilimi ta Shikago ta ɗauki malamai goma aikin zagaya makarantu suna taimakon yara masu matsalar magana, Detroit ma ta fara a shekarar, wasu biranen suka biyo baya. Galibin malaman mata ne da suka fito daga kwalejin horon malamai, da ɗan kwas na 'yan watanni a kan furuci. Sun yi aiki tuƙuru, amma ilimin da za su dogara da shi bai taka kara ya karya ba, domin babu wanda ya riga ya auna ko a wace shekara yaro lafiyayye yake iya furta kowane sauti, balle a san wanda ya makara.

Jami'o'i biyu na tsakiyar ƙasar ne suka cike wannan giɓi. A Wisconsin, likita Smiley Blanton ya buɗe ɗakin duba masu larurar magana a 1914, kuma a can Sara Stinchfield ta sami digirin digirgir a wannan fanni a farkon shekarun 1920, ita ce ta farko a ƙasar. A Iowa kuwa, Carl Seashore, masanin halayyar ɗan Adam kuma shugaban sashen manyan digirori na jami'ar, ya yanke shawarar ƙera sabon irin masani. Ya zaɓi wani ɗalibi, Lee Edward Travis, ya tsara masa karatu da ya ratsa sassa da yawa: halayyar ɗan Adam, ilimin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, tabin hankali, kimiyyar sauti, da cututtukan kunne da maƙogwaro. Travis ya kammala a 1924, ya shugabanci ɗakin gyaran magana na jami'ar, ya fitar da littafinsa a 1931. Muhimmancin wannan mataki shi ne inda aka ajiye karatun. Ba a kai shi makarantar likitanci ba, inda zai zama reshen aikin likita, ba a kuma bar shi a kwalejin malamai ba. An sa shi a sashen manyan digirori, wurin bincike da rubuta kundi, kuma har yau a nan yake.

A watan Disamba na 1925, a gefen taron malaman koyar da jawabi a New York, wasu 'yan tsiraru suka kafa ƙungiyar masu gyaran magana ta Amurka. Mutum 25 ne suka zama 'yan ƙungiya na farko, Robert West na Wisconsin ya zama shugaba. Sharuɗɗan shiga sun nuna abin da ke ransu. Sai mai digirin likita, ko na likitan haƙori, ko digiri na biyu ko na digirgir a fannin da ya shafi magana. Sai ya wallafa bincike nasa na kansa. Kuma ba a karɓar mai tallar kansa ko mai yi wa mutane alkawarin waraka. Sharaɗin ƙarshe da su Bogue ake. Amma na farkon ya rufe ƙofa ga mafi yawan matan da ke yin ainihin aikin a makarantu, kuma sai da aka sassauta daga baya ƙungiyar ta girma. Ta sauya suna sau da dama, a 1927 da 1934 da 1947, kafin ta tsaya a 1978 kan sunan da ya haɗa magana da harshe da ji, wanda ake taƙaitawa da ASHA. Mujallarta ta bincike ta fara fitowa a 1936.

Wani abin lura game da ɗaliban Iowa na farko shi ne da yawansu masu in'ina ne, sun je neman magani suka ɓuge da zama masana. Travis da likita Samuel Orton suna ganin in'ina tana faruwa ne idan ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu suna jayayya kan wanda zai ja ragamar magana, musamman ga bahagon da aka tilasta wa amfani da dama. Don a gwada wannan ra'ayi, an ɗaure wa wani ɗalibi mai in'ina, Wendell Johnson, hannun dama a filasta domin ya koma bahago. In'inarsa ba ta tafi ba. Charles Van Riper, wanda shi ma ya yi fama da in'ina mai tsanani, ya bar Iowa ya buɗe nasa ɗakin a Kalamazoo ta jihar Michigan a 1936. Shi bai yi wa kowa alkawarin waraka ba. Ya koya wa mutane su daina tsoron in'inar, su daina kokawa da kalma, su fitar da ita a hankali ko da ta ɗan sarƙe. Littafin da ya wallafa a 1939 ya zama abin karantawar ɗaliban fannin na tsawon shekaru masu yawa, ana ta sake buga shi.

A wannan shekarar ta 1939 aka yi binciken da har yau ake kawo wa ɗalibai a darasin ɗa'ar aiki, kuma kundin digiri na biyu ne. Johnson, wanda ya zama malami a Iowa, ya koma ga ra'ayin cewa iyaye ne ke haddasa in'ina idan suka riƙa tsangwamar yaro kan 'yar tangarɗar da kowane yaro yake yi. Ya tura ɗalibarsa Mary Tudor gidan marayu na Davenport. Ta zaɓi yara 22, goma masu in'ina, goma sha biyu marasa ita. Shida daga cikin lafiyayyun aka riƙa gaya musu, daga Janairu zuwa Mayu, cewa sun fara in'ina, kada su buɗe baki sai sun tabbata maganar za ta fita daidai. Aka kuma sa ma'aikatan gidan su riƙa nanata musu haka. Yaran suka zama masu nauyin baki da jin kunya, wasu suka kusan daina magana, karatunsu ya ja baya.

Ba a wallafa sakamakon ba, kundin ya zauna a ɗakin karatun jami'ar. Masanan da suka sake duba alƙaluman daga baya sun nuna cewa binciken bai ma tabbatar da ra'ayin Johnson ba, domin yaran ba su zama masu in'ina ta haƙiƙa ba. Tsoro kawai aka dasa musu. Wata jaridar Kalifoniya ta tono labarin a 2001, jami'ar ta nemi gafara, a 2007 kuma jihar Iowa ta amince ta biya diyyar dala 925,000 ga mutum shida, waɗanda suka rage a raye da magadan waɗanda suka rasu. Ƙungiyar da aka kafa don kare jama'a daga masu alkawarin ƙarya ba ta da wata doka a lokacin da za ta kare maraya daga mai bincike. Ilimin jami'a ya ɗaga darajar sana'ar, amma bai isa shi kaɗai ba, sai da aka kafa kwamitocin da ke tantance duk binciken da za a yi a kan mutane kafin a fara, abin da ya zama doka a Amurka a shekarun 1970.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya irin mutanen da ake yi wa aiki. Kafin yaƙin, yara ne masu in'ina da tsamin baki. Bayansa, asibitocin soja sun cika da samari da harsashi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa suka rasa magana, da waɗanda ƙarar bindiga ta kurumtar. Aka kira malaman gyaran magana su shiga asibiti. Ɗaya daga cikinsu, Raymond Carhart, ya jagoranci aikin dawo da ji a asibitin soja na Deshon a Pennsylvania, daga nan kuma fannin auna ji ya tsaya da ƙafarsa a matsayin ɗan'uwan gyaran magana. Fröschels da wasu likitocin Turai da suka gudo daga mulkin Nazi sun kawo nasu ilimin. Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta ɗauki ma'aikata, gwamnatin tarayya ta zuba kuɗin tallafin karatu. Wanda zai tsaya kusa da likitan ƙwaƙwalwa ya faɗi ra'ayinsa kan mara lafiya yana bukatar ilimin jiki da na jijiyoyi da kwas ɗin 'yan watanni ba zai ba shi ba.

A 1952 ƙungiyar ta fara ba da takardar shaida mai hawa biyu. Ta ƙasa ta mai digiri na farko ce, wanda ake sa ran zai yi aiki a ƙarƙashin wani. Ta sama kuma ta wanda ya yi karatu mai zurfi. A aikace rabon bai yi tasiri ba, domin a yawancin garuruwa babu na sama da zai duba na ƙasa, iyaye ma ba su san bambancin ba. Bayan wani babban taro kan karatun manyan digirori da aka yi a Highland Park ta jihar Illinois a 1963, aka soke hawa biyun. Daga 1965 takarda ɗaya ce, wadda ake kira CCC, kuma sai da digiri na biyu ko kwatankwacinsa, da aikin gwaji na kusan awa 300, da wata tara na sanin makamar aiki, da jarrabawa. Hukumomin makarantu sun yi ƙorafi cewa za a rasa ma'aikata, kuma ba ƙarya suka yi ba: jihohi da yawa sun ci gaba da ɗaukar masu digiri na farko a makarantu shekaru masu yawa bayan haka. Florida ce ta fara kafa dokar lasisi a 1969, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, galibi suna kwafe sharuɗɗan ƙungiyar.

Dokar tarayya ta 1975, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati ilmantar da kowane yaro mai naƙasa kyauta, ta ƙara bukatar ma'aikata sosai. A daidai lokacin kuma abin da ake koyarwa yana faɗaɗa. Binciken da aka yi kan yadda yaro ke koyon nahawu ya jawo hankali daga furucin sauti zuwa ginin jimla da fahimtar ma'ana. Sai kuma tambayar da baƙaƙen fata 'yan ƙungiyar suka tayar a taron Denver na 1968, inda Orlando Taylor ya yi fice: shin yaron da ke magana da karin Turancin baƙar fatar Amurka yana da larura ne, ko kuwa gwajin da aka tsara da bakin farar fata ne ya kā da shi? Shari'ar Ann Arbor ta 1979 ta tilasta wa wata hukumar makarantu ta koya wa malamanta sanin wannan karin, a 1983 kuma ƙungiyar ta bayyana a hukumance cewa karin harshe ba cuta ba ne. Ƙa'idar ta shafi 'ya'yan baƙi ma. Yaron da ya tashi da Hausa ya riƙa haɗa sautin p da f a Turanci ba shi da wata larura. Harshensa na farko ne bai raba su ba.

Haɗiya ce ta zo daga baya ta cinye wuri mai yawa. Gaɓoɓin da ake magana da su su ne ake haɗiya da su, kuma mai shanyewar ɓarin jiki yakan shaƙe da ruwa ko abinci ya zarce masa huhu, abin da ke iya kisa. Jeri Logemann ta jami'ar Northwestern ta inganta hanyar ɗaukar hoton haɗiya da na'urar hasken asibiti, ta fitar da littafi a kai a 1983. Cikin ɗan lokaci wannan ya zama babban aikin masu gyaran magana da ke asibitocin manya, alhali waɗanda suka kafa sana'ar ko a mafarki ba su hango shi ba.

Ɗalibin yau yakan shiga da digiri na farko a fannin, ko ya fara cike darussan share fage idan daga wani fanni ya fito. Karatun yakan ɗauki shekara biyu. A ciki ana so ya san furuci, da in'ina, da murya, da harshe na baka da na rubutu, da ji, da haɗiya, da tunani da tuna abu bayan raunin ƙwaƙwalwa, da mu'amala irin ta masu larurar otizim, da na'urorin da ke yi wa marasa baki magana, kuma daga jariri har tsoho. Daga awa 400 da ake bukata tun 2005, 25 na kallo ne, 375 na aiki da hannu. Yakan fara a ɗakin jami'a, malama tana kallonsa ta bayan gilashi ko ta kyamara, kafin a tura shi makaranta da asibiti. Bayan jarrabawar ƙasa da ake kira Praxis sai aikin mako 36, awa 1,260 aƙalla, da albashi amma a ƙarƙashin mai duba shi. Ko bayan samun takardar, sai ya riƙa ƙaro ilimi na awa 30 duk shekara uku.

Abin da ya bayyana a fili shi ne kaya sun yi wa shekara biyun yawa, fannin ya ninka amma lokacin bai ƙaru ba. Masu auna ji sun warware tasu matsalar da komawa digirin dakta na aiki, wanda ya zama wajibi ga sababbin shiga daga 2012. Masu gyaran magana sun tattauna yin haka ba su yi ba, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: fiye da rabinsu a makarantu suke aiki da albashin da bai fi na malami da yawa ba, ƙarin shekarun karatu kuwa ƙarin bashi ne. Gurbin shiga ma ya yi kaɗan, ko da yake jami'o'in da ke ba da digirin sun kai wajen 300, domin kowane ɗalibi sai an samar masa mai duba shi da wurin gwaji. Sakamakon haka makarantun karkara suna rasa ma'aikata, kuma sana'ar ta kasance fiye da kashi 90 cikin 100 mata, mafi yawansu farar fata masu harshe ɗaya, a ƙasar da miliyoyin yara ke tashi da Sifaniyanci. A 2020 ƙungiyar ta fara ba wa mataimaka takardar shaida, wato hawa biyun da aka soke a 1965 ya dawo ta wata ƙofa.

Ba kowace ƙasa ce ta bi hanyar Amurka ba. Lionel Logue, mutumin Ostireliya da ya taimaki Sarki George na Shida da in'inarsa tun daga 1926, ba shi da digiri ko ɗaya, amma yana cikin waɗanda suka kafa kwalejin masu gyaran magana ta Birtaniya a 1945. A can sana'ar ta koma ta masu digiri bayan rahoton Quirk na 1972, kuma har yanzu digiri na farko ya wadatar. Faransa ta ba ta matsayi a doka a 1964, ta mai da karatun shekara biyar a 2013. A Afirka, jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta fara tun shekarun 1930, Makerere ta Yuganda ta buɗe digiri na farko a 2008, Jami'ar Gana ta buɗe na biyu a 2016. A Nijeriya hukumar da aka kafa a 1988 don kula da masu gashin ƙashi da sauran ma'aikatan farfaɗo da lafiya ita ce ke yi wa masu gyaran magana rajista. Ga ƙasashen da ma'aikatan ba su da yawa, tsarin Birtaniya da Yuganda ya fi saurin samar da mutane, domin ɗalibi yana fita aiki bayan shekara uku ko huɗu, na Amurka kuwa sai ya kusan cika bakwai kafin a sakar masa mara lafiya shi kaɗai.